Darasi na Tara: Gyambon Baki ga Mai Fama da Kumburin Hanji

Gyambon baki ba baƙon kowa ba ne a ajin nan. Da wuya a sami wanda bai taɓa wayar gari ya ji wani ɗan wuri a cikin leɓensa ko a gefen harshensa yana zogi ba, miya ta taɓa wurin ya runtse ido. Ga yawancin mutane abin kan zo ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu, a manta da shi. Amma akwai waɗanda nasu ba ya ba su hutu. Wannan na warkewa wancan na tsirowa, ga gudawa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wani lokaci har da jini da majina a bayan gida, ga ciwon ciki, ga rama. Darasin yau nasu ne, da na masu jinyarsu a gida.

Ana so idan mun kammala, kowa ya iya gane irin wannan gyambo, ya san hanyoyin da yake biyowa, ya san abin da zai yi don majinyaci ya iya ci ya sha, ya kuma san ranar da zaman gida ya ƙare sai asibiti.

Wace cuta ce kumburin hanji?

Allah ya yi wa jikin ɗan Adam garkuwa, wato dakarun da ke yaƙar ƙwayoyin cuta idan sun shigo. A wannan larura garkuwar ce ke wuce gona da iri, ta far wa bangon hanjin mai ita. Hanjin ya kumbura, ya yi ja, ya yi miki. Ciwo ne mai kwanciya ya tashi: mutum ya yi watanni garau, sai wata rana ya motsa. Gado na da hannu a ciki, haka ƙananan halittun da ke zaune a hanji, da yanayin rayuwa. Ba a ɗaukarsa a wurin wani, kuma ba sammu ba ne. Ya fi fara bayyana tsakanin ƙuruciya da shekara talatin da wani abu, maza da mata duka.

Likitoci kan rubuta IBD a kati, kuma cuta biyu ce a ƙarƙashin sunan. Ta farko ita ce kolaitis mai gyambo, wadda ke tsayawa a babban hanji da dubura. Likita Samuel Wilks na Landan ya bayyana ta a 1859. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda ta ci sunan Likita Burrill Crohn, ɗaya daga cikin likitoci uku na asibitin Mount Sinai da ke Niyok da suka yi rubutu a kanta a 1932. Ita wannan ba ta da iyaka, tana iya kama ko'ina tun daga baki har dubura, ko da yake ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda ya haɗu da babba. Ku riƙe wannan wuri a zuciya, za mu koma kansa.

An fi sanin wannan larura a Turai da Amurka ta Arewa, amma ana ƙara samun ta a Asiya da Afirka. A wajenmu babbar matsalar ita ce ganewa. Wanda ya ga jini a bayan gida sai a ce masa basir ne. Idan da majina, a ce atuni. Idan da zazzaɓi, a ce taifot. Sau da yawa kuma hakan ne, domin waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma tarin fuka na hanji, wanda ke kama da cutar Crohn ƙwarai har likitoci kansu sai sun yi taka-tsantsan, don maganin da ke kwantar da Crohn na iya rura tarin fuka. Saboda haka kada wani ya tashi daga ajin nan ya je ya yanke wa kansa ko matarsa hukunci. Tabbatarwa sai da gwajin jini da na bayan gida, da na'urar leƙa hanji mai kyamara, a tsinko ɗan nama a duba. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Yadda gyambon yake

A sami haske mai kyau, ko fitilar waya, a ɗaga leɓe a duba. Wanda aka fi gani ɗan zagaye ne, tsakiyarsa fari ko ruwan ɗorawa, gefensa ja. Yana fitowa a wurare masu taushi: cikin leɓe, cikin kumatu, gefen harshe da ƙarƙashinsa. Ƙanana ba su kai santimita ɗaya ba, suna warkewa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tabo. Manya sun wuce santimita ɗaya, suna da zurfi, suna iya ɗaukar makonni, su bar tabo. Mai lura kan ji wurin yana ɗan zafi kwana ɗaya ko biyu kafin gyambon ya buɗe.

Mai cutar Crohn na iya samun wasu alamun bayan wannan: leɓe ya kumbura ya ƙi saɓewa, ya tsage a tsakiya, dasashi ya yi ja ya yi kauri, cikin kumatu ya yi gudaji-gudaji. A yara, wani lokaci baki ne ke fara nunawa kafin ciki ya ce uffan.

Kada a haɗa shi da ƙurajen zazzaɓi, masu fitowa a wajen leɓe su ɗuri ruwa su fashe su yi ɓawo. Waɗancan ƙwayar cuta ce ke kawo su, kuma ana ɗauka. Gyambon da muke magana a kai ba a ɗaukarsa. Don haka babu dalilin ware wa majinyaci kofi da cokali, ko hana shi sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa. Wanda ciwo ya riga ya hana jin daɗin abinci, ba a ƙara masa da ƙyama.

Ta ina yake biyowa?

Baki zauren hanji ne. Idan hayaƙi ya turnuƙe zaure, mai hankali ba ya tsayawa fifita, cikin gida zai leƙa ya ga abin da ke ci. Hanya uku ce ke kawo gyambon baki ga mai wannan larura, kuma kowace da maganinta daban.

Ta farko ita ce motsin ciwon kansa. Idan hanji ya tashi, baki kan tashi tare da shi, wani lokaci ma ya riga shi da 'yan kwanaki. Da yawa daga cikin masu ciwon sun san wannan a jikinsu: da zarar gyambo ya fito biyu uku, sun san gudawa na hanya. Irin wannan, duk abin da aka shafa a baki lallashi ne kawai. Sai hanji ya kwanta baki ke warkewa.

Ta biyu ita ce ƙarancin sinadaran abinci. Fatar cikin baki na sabunta kanta da sauri, shi ya sa take saurin nuna rashi. Hanjin da ke zubar da jini kaɗan-kaɗan yana ƙarar da sinadarin ƙarfe, wato ayon. Gudawa mai tsawo na tafiya da zinki. Shi kuwa bitamin B12, a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotse shi, wurin nan da muka ce Crohn ta fi so. Idan wurin ya kumbura ko an yanke shi a tiyata, ko mutum ya ci hanta kullum jikinsa ba zai samu yadda ya kamata ba, sai an bi ta allura. Abin da ke ruɗar mutane shi ne hantar mutum na ajiye B12 na shekaru, don haka rashin kan bayyana daga baya can, lokacin da an manta da tiyatar. Alamun wannan hanya su ne kasala, haki, cikin ido da tafin hannu su yi fari, harshe ya yi ja sumul yana raɗaɗi, gefen baki ya tsattsage, ƙafa ta riƙa tsikari ko ta mutu. Gwajin jini ne ke faɗin wanne ya yi ƙasa.

Ta uku ita ce magungunan da ake sha, kuma a nan nake so mu daɗe, domin nan ne haɗari ya fi kusa. Za mu rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali, don ku gane su idan kun gani.

Sulfasalazine na rage tsotsar sinadarin folik, shi ya sa ake yawan haɗa shi da ƙwayar folik asid. Methotrexate shi ma da folik yake faɗa, kuma gyambon baki na daga cikin alamun farko da ke nuna ya yi wa jiki yawa. Wannan magani sau ɗaya ake shan sa a mako. A mako, ba a rana ba. An yi asarar rayuka a ƙasashe da dama saboda kuskuren shan sa kullum. A zaɓi rana guda, a rubuta ta da babban baƙi a jikin kwalin, ranar folik asid kuma daban. Mai shan sa ba ya shan Septrin, wanda ake saya a kemis ba tare da wani tunani ba, domin haɗuwarsu na iya durƙusar da ɓargo, inda ake ƙera jini. Mai ciki da mai neman ciki ba sa shan methotrexate sam.

Azathioprine kuwa yana iya rage fararen ƙwayoyin jini. Mai shan sa, ko mai shan methotrexate, idan ya ga gyambon baki tare da zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, kada ya ce maleriya ce bari in sha magani in gani. Ranar zai je a auna jininsa.

Sai prednisolone, wanda ake bayarwa idan ciwo ya motsa. Yana buɗe ƙofa ga fumfunar baki: farin dabbare-dabbare a harshe da ganɗa da cikin kumatu, wanda idan an goge ya bar wuri ja. Wannan ba gyambo ba ne, kuma maganinsa daban ne, irin su nystatin. Sannan wanda ya yi makonni yana shan prednisolone ba ya dainawa rana ɗaya, a hankali likita ke janye shi.

Abin da za a yi a gida

Babbar ɓarnar gyambon baki ita ce hana ci. Mutumin da gudawa ta riga ta tsotse, idan ya daina ci saboda zafi, sinadaran da muka ambata su ƙara ƙasa, gyambon ya ƙara daɗewa, shi kuma ya ƙara gudun kwano. Duk dabarar gida manufarta ɗaya ce, a sami hanyar da loma za ta wuce.

A fara da ruwan gishiri. Rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, wanda aka tafasa ya huce. A kurkure a hankali, a zubar, bayan kowane cin abinci da kafin barci. Idan ya yi zafi sosai, an cika gishiri ne, a ƙara ruwa.

Kada a daina goge baki don ana jin zafi, dattin baki ƙara jinkirta warkewa yake. A sami buroshi mai laushi, irin na yara ma ya yi. Mai amfani da asuwaki ya tauna bakinsa har ya yi laushi sosai, ya kauce wa wurin mikin. Yawancin man goge baki na ɗauke da sinadarin da ke sa kumfa, wanda ake rubutawa sodium lauryl sulfate a jikin kwali, kuma wasu mutane na samun sauƙi idan sun koma wanda babu shi. Ba kowa ba ne, amma gwadawa ba ta da tsada. Haƙorin da ya karye ya bar kaifi, ko haƙorin roba da bai zauna daidai ba, a kai wa likitan haƙori, don irinsu na tono gyambo wuri ɗaya kullum.

Batun abinci kuwa, a nan uwargida ke nuna gwaninta. Abin gudu shi ne mai yaji, mai tsami, mai zafi da mai kaushi. Attaruhu da barkono da yajin tsire, a ajiye su gefe. Lemun tsami, abarba, zoɓo, kunun tsamiya, su ma su dakata. Ƙuli-ƙuli, kilishi, soyayyar gyaɗa, ƙanzo da busasshen burodi suna karce wurin. Goro ma haka, ga masu ci. Shayi da kunu a bar su su huce, kada a kurɓa suna tururi.

Me ya rage ke nan? Ya rage da yawa. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa da ba a sa barkono ba, don yauƙinsu na taimakon loma ta zarce ba tare da gugar miki ba. Faten dankali da ya dahu luguf. Alala mai ƙwai. Dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, naman da ya dahu har ya saki. Kunun gyaɗa da aka tace. Ayaba da gwanda. Furar kasuwa da koko yawanci da citta da kanumfari da barkono a ciki, gara a dama na gida ba yaji. Kindirmo mai sanyi na daɗi a bakin da ke raɗaɗi, sai dai wasu idan ciwo ya motsa madara na ƙara musu gudawa, kowa ya lura da nasa cikin. A ɗebi na majinyaci kafin a zuba yaji a tukunya, ba sai an ɗora tukunya biyu ba. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon a cika kwano sau biyu. Idan shan ruwa ma zafi yake, a sa tsinken shan lemo a wuce da ruwan bayan gyambon.

Akwai jan kunne ɗaya. Ana yawan cewa marar jini ya ci kwaɗon zogale da alayyafo da wake, kuma gaskiya suna da amfani. Amma mai Crohn da aka gaya masa hanjinsa ya ƙuntata a wani wuri, ganye mai yawa da aya da masara da gyaɗa na iya toshe shi. Shi sai ya tambayi likitansa. Wanda aka ba ƙwayar ayon kuma ya sani bayan gidansa zai yi baƙi, kuma kada ya kora ta da shayi, don shayi na hana jiki tsotsar ta. A bar awa ɗaya ko biyu tsakani.

A kemis akwai abubuwan da ke taimakawa. Ruwan kurkure baki na chlorhexidine na hana ƙwayoyin cuta taruwa a mikin. Sau biyu a rana, kamar rabin awa bayan goge baki, kuma yana rina haƙori idan an daɗe, musamman ga mashaya shayi. A guji ruwan kurkura mai barasa a ciki, zafi yake ƙarawa. Benzydamine da man lidocaine na kashe zafi na ɗan lokaci, kuma dabarar ita ce a sa su mintuna kaɗan kafin cin abinci, a ci a cikin wannan sararin. Idan gyambo ya yi tsanani, likita na iya rubuta man shafawa ko ruwan kurkura mai sitiroyid, wanda ya fi aiki idan an fara tun wurin na ɗan zafi. Zuma tsantsa ba ta da illa ga babba idan an ɗiga a kan mikin, wasu na jin sanyinta, amma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Da hunturu a riƙa shafa man kaɗe ko basilin a leɓe.

Abin da ba a yi

Akwai tunanin cewa maganin da ya fi zafi ya fi aiki. Shi ke sa a dangwala kanwa, ko alif, ko busasshen gishiri, ko turare a kan gyambo. Ƙona naman kawai ake yi, ƙaramin miki ya koma babba. Haka ɗora ƙwayar asfirin a wurin a bar ta ta narke: tana ƙona fatar baki ta yi fari fat.

Wanda ya fi wannan muni shi ne maganin kashe zafi. Ibuprofen, diclofenac, piroxicam da asfirin dangi ɗaya ne, kuma suna iya tayar da ciwon hanji da ke kwance, su ƙara zubar jini. Garin Alabukun da ake saya a teburin mai shayi ma asfirin ne a ciki da kafeyin. Haka haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a ce na ciwon jiki ne, da wuya a rasa ɗayansu a ciki. Abin takaici ne mutum ya sha magani don bakinsa ya lafa, ya wayi gari hanjinsa ya tashi. Mai kumburin hanji, farasitamol ne nasa: babba ƙwaya biyu masu miligiram 500, tazarar awa 4 zuwa 6, kada a wuce ƙwaya takwas a awa 24. Wanda ya rame har nauyinsa bai kai kilo 50 ba, a rage masa bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Mai kemis ba maƙiyinka ba ne, amma bai san abin da ke katinka ba sai ka faɗa masa.

Taba sigari na ƙara tsananta cutar Crohn. Wanda ya daina na iya ganin gyambon baki a makonnin farko; yana wucewa, kuma ba hujjar komawa ba ce.

Karatu: a ɗakin likita

Mutum biyu su karanta wannan a gaban aji. Misali ne na wata dattijuwa da ta raka 'yarta asibiti.

"Sannu Hajiya, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, likita. Bakin ne dai ya hana ta sakat. Kwana huɗu ke nan sai kunu."

"Allah ya sawwaƙe. Malama, buɗe in gani. To, na ga uku. Ya cikin naki?"

"Ya ɗan motsa, likita. Ina zagawa kamar sau shida a yini, jiya har da dare."

"Da jini?"

"Kaɗan."

"Zazzaɓi fa, ko ciwon maƙogwaro?"

"Babu."

"Madalla. Ƙwayar nan ta mako-mako, wace rana kike sha?"

"Talata. Na rubuta a kwalin."

"Kin kyauta. Bayan ita babu abin da kika sha?"

"Ranka ya daɗe, ni ce na aika aka sayo mata na ciwon jiki a kemis, ganin ba ta barci. Ga ledar."

"Gara da kika zo da ita, Hajiya. Wannan jan kada ta ƙara sha, yana tayar da hanji. Yanzu za a ɗebi jini a duba, a kuma auna bayan gida, don mu san ko ciwon ne ya motsa, ko jini ne ya yi ƙasa, ko ƙwayar ce ta yi mata yawa. Kafin sakamako ya fito kada ta sha ta wannan makon sai na ce. Zan rubuta abin da za ta shafa kafin cin abinci."

"To likita, a ware mata kofi? Akwai jikoki a gidan."

"A'a Hajiya, ba a ɗauka. Ku ci tare, ta fi cin abinci idan da mutane."

Ku lura likitan bai daɗe a kan bakin ba, tambayoyinsa kusan duk a kan ciki da magani suke. Ku lura kuma da amfanin zuwa da kwalaye da ledar duk abin da aka sha, har da na gargajiya.

Ranar da za a bar gida

A je asibiti ranar, ba gobe ba, idan gyambo ya zo da zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ga mai shan azathioprine ko methotrexate, ko mutum ya kasa shan ruwa har fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ko jini ya yawaita a bayan gida, ko ciki ya kumbura da amai. Kafin a isa a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS kurɓi-kurɓi.

Duk gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, dole likita ya gani, ko da ba ya zafi. Wanda ba ya zafin ma ya fi zama abin tsoro, musamman idan gefensa ya yi tauri, ko mai shi na shan sigari ko sa taba a baki, domin sankarar baki haka take farawa. Gyambon da ke yawan dawowa kuma ba kumburin hanji kaɗai ke kawo shi ba, cuta mai karya garkuwar jiki ma na kawowa, don haka idan likita ya nemi a yi wannan gwaji kada a ɗauke shi zargi.

Game da azumi, wanda ciwonsa ke kwance sau da yawa yana iya yi, bayan ya zauna da likita tun kafin watan ya kama an tsara masa lokutan magani tsakanin buɗa-baki da sahur. Wanda ciwonsa ya motsa, ga gudawa ga baki ba ya karɓar abinci, marar lafiya ne, kuma addini ya yi masa rangwame. Ya tambayi malaminsa yadda zai rama.

Aikin aji

1. Faɗi bambanci biyu tsakanin gyambon cikin baki da ƙurajen zazzaɓi. Wanne ake ɗauka?
2. Me ya sa wanda aka yanke wa ƙarshen ƙaramin hanji ke buƙatar allurar B12 ko da yana cin nama?
3. Maƙwabcinka mai kumburin hanji ya aiko yaro ya karɓi maganin ciwon jiki a wurinka, kana da diclofenac da farasitamol. Wanne za ka bayar, kuma me za ka ce a gaya masa?
4. Ku kasu uku uku. Kowane rukuni ya tsara abincin yini ɗaya ga mai gyambon baki, daga abin da ake samu a kasuwar garinku, ya kuma lissafa kuɗinsa.
5. Aikin gida: a sami takarda a ja layi huɗu, a rubuta kwanan wata, yawan gyambo, sau nawa aka zaga, da maganin da aka sha. Wanda ke da majinyaci a gida ya cike ta har mako biyu, a tafi da ita ranar ganin likita. Sauran ɗalibai su duba kwalin man goge bakin gidansu, su kwafo sunayen sinadaran da ke jiki su kawo aji.